Filin Tambaya da Amsa: Maigida, Ma'aikaci da Abin da Doka Ta Tanada

Yawancin wasiƙun wannan watan daga masu kamfanoni da masu shaguna suka fito, shi ya sa muka keɓe musu filin. Lauyoyinmu masu aikin shari'ar ƙwadago da ta shige da fice ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin casar shinkafa. Na sayo sababbin injina daga Indiya, kuma za a turo min mutum biyu. Ɗaya zai haɗa injinan ya koma, ɗayan kuma ina so ya zauna ya riƙe min sashen gyara na wasu shekaru. Wani dillali ya ce in bari su shigo da bizar kasuwanci, daga baya a gyara takardu. Haka abin yake? Mai kamfanin shinkafa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi shawarar dillalin nan. Bizar kasuwanci ta mai zuwa taro ce, ko duba kasuwa, ko sa hannu a yarjejeniya. Ba ta ba baƙo damar ɗaukar sifana ya hau kan inji ba. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kama aiki a Najeriya sai da rubutaccen izinin Kwanturola-Janar na Hukumar Shige da Fice. Ranar da jami'ai suka shigo masana'anta suka tarar da baƙo da maiƙo a hannu, ba shi kaɗai za a tuhuma ba, har da kamfanin da ya kawo shi.

Mutanen naka biyu kowa da hanyarsa. Mai haɗa inji izinin aikin wucin gadi ya dace da shi, wato TWP. Kamfaninka ne zai nema daga Kwanturola-Janar, ya bayyana aikin da tsawon lokacinsa, ya haɗa da takardar rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), kwafin fasfon mutumin, shaidar ƙwarewarsa da takardun cinikin injinan. Galibi kwana 90 ake bayarwa. Inda mutane ke yin asara shi ne su kira injiniya tun kwantena na tashar jiragen ruwa ta Legas, sai ya zo ya tare a otal kwanakinsa na tafiya. Ka bari injinan su iso Kano, a zuba kankaren da za a ɗora su a kai ya bushe, a ja wuta, sannan ya taso.

Wanda zai zauna kuwa, aikinsa ya fi tsawo, kuma daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake farawa. Ita ke ba kamfani guraben da aka yarda ya ɗauki baƙi a kansu. Lura da kyau, gurbin na kamfani ne kuma na wani takamaiman muƙami ne, ba na mutum ba. Za a nemi takardun CAC, shaidar biyan haraji, takardar mallaka ko ta hayar filin masana'anta, takardun shigo da injinan, bayanin muƙamin da albashinsa da irin karatun da yake buƙata, da tsarin da ka yi na horar da 'yan ƙasa. In kamfanin na 'yan Najeriya ne zalla, shi ke nan. In akwai hannun jarin baƙo a ciki, sai an fara samun izinin kasuwanci daga ma'aikatar, kuma littafin ƙa'idojinta na 2022 ya sa jarin irin wannan kamfani kada ya gaza naira miliyan 100. Littafin dai ya ce ana ba da gurbi na shekara uku da farko, a sabunta shekara bibbiyu har sau biyu, jimla shekara bakwai.

Da gurbi ya fito, sai ka ba mutumin takardar ɗaukar aiki, shi ma ya rubuto amincewarsa, kamfani kuma ya rubuta cewa ya ɗauki nauyinsa a gaban Hukumar Shige da Fice, har da kuɗin mayar da shi gida in ta kama. Da waɗannan zai nemi bizar STR, wato bizar mai zuwa aiki da za a daidaita masa takardun zama bayan ya iso, kuma fasfonsa ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Bayan ya sauka, cikin kwana 90 za ka nema masa katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki a haɗe. Tunda injiniya ne, sai ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Harajin albashinsa kuma hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano za ka riƙa kai wa, kamar na kowane ma'aikaci.

Wurare uku ne kamfanoni suka fi tuntuɓe. Na farko, sunan muƙami. In gurbin ya ce injiniyan gyara, takardar ɗaukar aiki kuma ta ce manajan masana'anta, takardun za su dawo maka. Kalma ɗaya za ta bi dukan takardun daga farko har ƙarshe. Na biyu, masu koyo. Kowane gurbi ana so a haɗa shi da 'yan Najeriya biyu masu digiri ko babbar difloma da za su gaji baƙon. Wasu sunan 'yan uwa kawai suke cusawa a takarda, sai lokacin sabuntawa a nemi shaidar horon da aka ba su da ta albashinsu, a rasa. Mu a ganinmu wannan sharaɗin ribar mai kamfani ce ma, domin injin da mutum ɗaya tak ya san sirrinsa, ranar da ya tafi hutu Indiya aikinka ya tsaya. Na uku, rahoton wata-wata da ake kai wa Hukumar Shige da Fice kan baƙin da ke kamfani. In baƙo ya bar aiki, a sanar a rubuce a cire sunansa daga gurbin, in ba haka ba nauyinsa na nan a wuyanka ko da ya koma wani kamfani a Bompai.

Tun watan Mayun 2025 aka mayar da yawancin waɗannan matakai intanet, aka daina ba da biza a filin jirgi, aka kuma sanar da tarar dala 15 kowace rana ga wanda ya zarce wa'adinsa. Harajin nan na ɗaukar baƙi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, dala 15,000 kan darakta da dala 10,000 kan sauran ma'aikata, an dakatar da shi a watan Maris na shekarar. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta hanyar gwamnati ka karɓi rasit da sunan kamfaninka.

Tambaya: Masu gadina uku 'yan Nijar ne, direbana kuma ɗan Chadi. Na ji an ce Nijar ta fita daga ECOWAS. Su ma sai na nema musu gurbi a Abuja? Mai gidan mai, Katsina.

Amsa: Alhaji, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza su zauna har kwana 90. Wanda zai daɗe yana aiki sai ya je ofishin Hukumar Shige da Fice na jihar da yake ya karɓi katin zama na ECOWAS, ba ruwansa da gurbin ma'aikata baƙi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarin ECOWAS, su kuma bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa. Rangwame ne na wucin gadi, saboda haka ka kai masu gadin ofishin hukumar a Katsina a yi musu rajista yanzu, ka ajiye kwafin takardunsu da hotunansu da sunan garinsu da wanda ya tsaya musu.

Direban maganarsa dabam ce. Chadi ba ta taɓa zama cikin ECOWAS ba, haka Kamaru. Akwai yarjejeniyar shiga ba biza tsakaninsu da Najeriya, amma izinin shiga dabam, izinin aiki dabam. Ka je da shi hukumar a duba matsayinsa. Sannan ka sani Dokar Ƙwadago ba ta tambayar ƙasar mutum. Hutun kwana ɗaya cur a kowane mako, da biyan albashi kada ya wuce wata, haƙƙin Buzun da ke kwana a bakin gidan manka ne kamar yadda yake haƙƙin ɗan Katsina.

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi da sito biyu. Mai kula da sito ya shekara huɗu a wurina. Da muka yi ƙidaya, kayan kusan naira miliyan ɗaya da rabi sun yi ɓatan dabo. Na kore shi nan take na riƙe albashinsa na watan. Yanzu ga takardar lauya. Da shagona da dukiyata, ba ni da ikon korar wanda na ga dama? Ɗan kasuwa, Zariya.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kana da ikon rabuwa da ma'aikaci, amma yadda ka yi akwai gyara, kuma gara ka ji daga bakinmu kafin ka ji a gaban alƙali.

Rabuwa iri biyu ce. Akwai sallama da notis, wadda sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye dole a rubuce yake. Ana iya biyan kuɗin kwanakin a madadinsa, kuma in takardar ɗaukar aiki ta yi alkawarin fiye da haka, ita za a bi. Mutuminka mai shekara huɗu, mako biyu ne mafi ƙarancin haƙƙinsa.

Akwai kuma kora kan babban laifi, irin su sata, wadda ba ta buƙatar notis. Amma wanda ya ambaci laifi, shi zai tabbatar da shi, kuma sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Ga yadda ake yi. A ba shi takardar tuhuma mai kwanan wata, a faɗi abin da ya ɓace dalla-dalla, misali buhun sukari 12 da katan 20 na madara tsakanin ƙidayar watan jiya da ta wannan watan. A ba shi kwana biyu ko uku ya amsa a rubuce. A zaunar da mutum biyu ko uku su saurare shi, ban da wanda ya kawo ƙarar, a buɗe masa littafin sito da takardun fitar da kaya ya gani da idonsa, a rubuta abin da aka tattauna kowa ya sa hannu. In ana tsoron ya taɓa littattafan, a dakatar da shi kafin a gama, amma da albashinsa, sai fa in takardar aikinsa ta yarda da dakatarwa ba biya. Ba sai ka jira kotu ta same shi da laifin sata ba kafin ka kore shi, muddin ka bi waɗannan matakan.

Tambayar farko da lauyansa zai yi maka ita ce: makullin siton nan a hannun mutum nawa yake? In ɗanka ko ƙaninka na da nasa, ko ana fitar da kaya da umarnin baki ta waya ba a rubutawa, to zargin ya yi rauni tun daga tushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Riƙe albashin kuwa kuskure ne kai tsaye. Sashe na 5 ya hana cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara. Ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, kuma jimlar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Mai ɗaukar naira 90,000, iyaka 30,000 ke nan. Kai ƙarar sata wurin 'yan sanda haƙƙinka ne, amma sa a tsare mutum har danginsa su biya kuɗin kaya na iya jawo maka wata shari'ar ta tauye haƙƙin ɗan'adam.

Abin da yawancin 'yan kasuwa ba su farga da shi ba shi ne zamani ya juya. A da kotuna kan ce maigida na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, in dai ya biya kuɗin notis. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk shari'ar aiki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Tun daga nan ta sha yanke cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba zalunci ne. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya ba wata ma'aikaciya diyyar albashin shekara biyu saboda an raba ta da aikinta ba bisa ƙa'ida ba.

Shawararmu, ka biya albashin da ka riƙe, ka sa lauyanka ya amsa takardar cikin ladabi ba tare da maimaita kalmar ɓarawo ba, ka nemi sulhu. Kotun Ma'aikata kanta na da cibiyar sasanci. Ragowar yaran shagon kuma, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba kowane ma'aikaci takarda cikin wata uku da kama aiki, mai ɗauke da sunanka da nasa, ranar farawa, irin aikin, albashi da lokacin biya, awoyin aiki, hutu, tanadin rashin lafiya da tsawon notis. Shafi ɗaya ya isa, kuma ba laifi a rubuta da Hausa. Littafin biyan albashi a adana shi har shekara uku.

Tambaya: Ina da kamfanin ruwan leda da ma'aikata 18. Dole ne in biya mafi ƙarancin albashi na naira 70,000? Fansho fa? Mai kamfanin ruwa, Gusau.

Amsa: Hajiya, kowace doka da adadin ma'aikatan da take fara aiki a kansa, shi ya sa ake rikicewa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Haka bai shafi masu aikin rabin lokaci ba, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayi irin na gona. Da mutum 18 doka ba ta tilasta miki ba, ko da yake duk wanda ya san farashin kwanon masara ya san abin da ƙasa da haka zai iya saya wa mai iyali. Ƙarin da wasu jihohi suka yi, kamar 71,000 na Kano, na ma'aikatan gwamnatocinsu ne.

Fansho kam ya hau kanki, domin dokar 2014 ta wajabta shi kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ke za ki sa kashi 10 cikin ɗari, a cire wa ma'aikaci kashi 8, daga jimlar ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. In jimlar ta kama naira 80,000, naki 8,000, nasa 6,400, sai a tura 14,400 asusunsa cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Jinkiri na da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin a kowane wata ba. Dokar dai ta ce ki yi musu inshorar rai ta rukuni, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin kowannensu na shekara ba. Mafi munin abin da muke gani shi ne a cire kashi 8 ɗin a zuba a jari da niyyar biya daga baya. Kuɗin ba na kamfani ba ne tun daga ranar da aka cire shi.

Tambaya: Injin niƙa ya cinye wa wani yaro yatsu uku. Lebura ne na kullum-kullum, ba ma'aikacin dindindin ba. Na biya kuɗin asibiti, mahaifinsa ya ce ya yafe. Magana ta ƙare? Mai injin niƙa, Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da ɗawainiyar da ka yi. Amma a doka ba ta ƙare ba, Malam. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da lebura na kullum, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki, kuma ta ce duk yarjejeniyar yafe diyya ba ta da ƙarfi. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, ko mutum ɗaya gare shi, ana so ya yi rajista da hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin wata daga aljihunsa, haramun ne a cire daga na ma'aikaci. Wanda ke biyan naira 400,000 a wata, 4,000 ce kawai. In hatsari ya faru, ma'aikaci ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Daga asusun ake biyan magani da diyya, har kashi 90 cikin ɗari na albashi duk wata ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. In ba ka da rajista, ka je ofishinsu da rahoton likita a lissafa bashin da ke kanka. Ka kuma duba shekarun yaron, domin doka ta hana sa wanda bai kai 16 ba aiki a kan inji. Bel da bakin injin a yi musu murfin ƙarfe kafin a sake tayar da shi.

Tambaya: Telata ɗaya na da juna biyu. Hutu nawa zan ba ta? Mai shagon ɗinki, Bauchi.

Amsa: Mako 12, Hajiya, shida kafin haihuwa da takardar likita, shida bayanta. In ta kai wata shida tana aiki, za ki biya ta aƙalla rabin albashi. Ba a ba ta notis tana cikin hutun, kuma in ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa.

Tambaya: Ma'aikatana sun fara taron shiga ƙungiyar ƙwadago. Ina tunanin sallamar mutum biyun da ke zuga su kafin abin ya yi nisa. Mai kamfanin robobi, Kaduna.

Amsa: Alhaji, wannan ce sallamar da ta fi kowace sauƙin rushewa a kotu. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, sashe na 9 na Dokar Ƙwadago kuma ya hana korar ma'aikaci ko takura masa saboda ƙungiya, ya hana a sa masa sharaɗin ƙin shiga tun wurin ɗauka. Ko wane dalili ka rubuta a takardar, alƙali zai dubi kwanan watanta ya dubi ranar taron. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyi a 2005 ya sa shiga ganin dama ce, don haka wanda ba ya so ba a tilasta masa, kai ma ba ka hana mai so.

Ka kira wakilansu ku zauna, ku rubuta yadda za a riƙa kai koke da wanda zai amsa da cikin kwana nawa. In saɓani ya taso, Dokar Rikicin Ƙwadago ta ce a fara bin wannan hanyar da kuka shimfiɗa. In ta ƙi, cikin kwana bakwai ku zauna gaban mai shiga tsakani da kuka amince da shi. In kwana bakwai suka wuce ba a daidaita ba, a kai wa Ministan Ƙwadago rahoto a rubuce cikin kwana uku, daga nan sai mai sasantawa na gwamnati, ko kwamitin sulhu na masana'antu, sannan Kotun Ma'aikata. Ma'aikatan da suka tafi yajin aiki ba su da albashin kwanakin da suka yi a waje. Amma in kai ka garƙame ƙofar masana'anta ka hana su shiga, albashin waɗannan kwanakin na kanka cif, kuma ba za a cire su daga lissafin shekarun aikinsu ba.